Ƙarfen da Illa Ya Kafa a Bangon Ƙasa

Illa ya dawo Tawa daga ci-rani a Abijan da sabon moto, wato babur, sai wurin ajiya ya yi masa kaɗan. Ɗakin da ke bakin ƙofar gidansa, wanda shi kaɗai ke kira garaji, kekuna biyu sun riga sun cinye shi: tsohon kekensa mai nauyi da yake ɗauko hatsi da shi, da na ƙanensa da ya tafi Libiya ya bari.

Amma Illa ya ga duniya, kuma ba ya bari a manta. A gidan da ya yi gadi a Abijan ya ga kekuna rataye a bango a tsaye, ƙafar gaba sama, ta baya na reto. Sai ya samo guntayen rodi biyu, maƙeri ya lanƙwasa masa bakinsu, ya sa guduma ya kafa su can sama. Ya ɗaga kekunan ya saƙale, ya ja da baya yana kallo yana murmushi.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, bangon Abijan bulo ne da siminti har ciki. Nasa kuwa tubalin ƙasa ne irin na kowa a unguwar, shafen siminti kawai aka yi masa a fuska don kyau.

Matarsa Zuhura na leƙowa gabanta ya faɗi.

"Maigida, abin ga tsoro shika ba ni. Bangon ga na ƙasa na hwa."

"Ke da ba ki taɓa wuce Ƙonni ba, mi kinka sani?" in ji Illa. Ya kama rodin ya ja da ƙarfi. "Kin gani? Ko raƙumi anka rataya nan, ba shi hwaɗuwa."

Rani ya wuce lafiya, Illa ya ƙara samun bakin magana. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ga garaji.

Damina na sauka, indararon bayan ɗakin ya tsage. Ruwa ya riƙa bin bangon ta waje yana shiga ciki, inda ido ba ya gani. Zuhura ce ta fara lura. Kullum ta zo shara sai ta tarar da garin ƙasa ya zubo daidai ƙarƙashin kekunan, ga wata siririyar tsaga ta kewaye rodin. Tun daga nan ba ta ƙara shiga ɗakin ba sai da kanta a ɗage. Ta hana 'yarsu Latifa wasa a ciki, amma yarinya 'yar shekara huɗu, minti nawa take riƙe magana?

"Don Allah maigida, ka sauke su har ruwa su ɗauke," ta roƙe shi. "Wallahi ko kwana ni ke, hwaɗuwassu nika ji."

"In na ƙare noma ni duba."

Bai duba ba. Aikin da bai fi a ɗaga hannu a sauke ba, ya yi ta cewa gobe.

Wata rana aka wuni ana ruwa, bai tsagaita ba sai bayan azahar. Illa ya dawo daga gona a jiƙe, ya turo moto cikin garaji. Latifa ta ji ƙarar, ta sheƙo da gudu tana oyoyo, ta tsaya jikin bango tana jira ya ɗauke ta. Wajen jingine moton, kan moton ya ɗan taɓi ƙafar tsohon keken. Taɓawa kawai.

Rodin ya fito da ɓawon siminti da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Keken ya rufto.

Abin da ya fi firgita Illa shi ne yarinyar ba ta yi kuka ba. Ya janye keken, ya ga jini ya rufe mata fuska. Zuhura ta shigo ta ƙwalla ƙara har maƙwabta suka fito.

"Latihwa! Latihwa, amsa mani!"

Illa ya hau moton, Zuhura a baya rungume da yarinyar, suka ratsa taɓo da ruwan da ya cika hanya. Tafe suke yana tambaya, "Tana lumhwashi?" Ita kuwa sai salati take yi.

A asibiti aka shige da yarinyar aka bar su a waje. Illa ya tsuguna. Duk ƙofar da ta motsa sai ya miƙe zumbur, yana tsoron abin da za a faɗa masa. Ya kasa duban matarsa.

Da likita ya fito ya ce rai ya tsira, amma ƙarfen birki ya shiga idon dama, kuma idon ya tafi.

Ranar da aka kwance ƙyallen da aka ɗaure mata fuska, Latifa ta juya kai tana neman ubanta har ta same shi ta hagu.

"Baba, ka ce su hidda mani ƙyallen ga, ban gani da wanga ido."

Ƙyallen yana hannun likita. Illa ya dubi ƙyallen, sai hawaye.

Jama'a, kafin ku kwaikwayi dabarar da kuka gani a wani gari, ku dubi irin ginin da kuke ciki. Kada a rataya abu mai nauyi a bangon ƙasa inda yara ke wucewa, balle da damina, kuma in na gida ya ce ya ga alamar haɗari, a gyara a ranar.