Tukunyar Mushe Inusa

Mushe Inusa, wato Malam Inusa a bakin masu Faransanci, ya saci kallon tukunyar da ke ƙofar ofishinsa, ya tarar da ita wayam kamar jiya.

Sabuwar doka ce ta iso wata babbar makarantar koyon noma a Madarounfa: a riƙa auna yadda ma'aikata ke kula da ɗalibai. Darakta, mai son sauƙi, ya ajiye tukunya a ƙofar kowane ofis. Ɗalibin da aka yi wa aiki ya ji daɗi sai ya jefa ƙwayar wake. A ƙarshen zango, mai ƙarancin wake zai bar kujerarsa ya koma gadin rumbun taki. Da Faransanci aka yi bayanin a taron manya, aka tafa, aka watse.

Inusa ke ba da takardun shaidar karatu, kuma kowa ya san waƙarsa: "Dawo gobe." Wani ɗan garin Safo ya yi ta dawowa gobe har gero ya nuna.

Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya koyi murmushi, abin da ko matarsa ta manta yana da shi. Ya sa benci a inuwa, ya kawo randa da moɗa. Takardar da ke cin wata guda ta koma fita kafin azahar. An hana leƙa tukunya, don haka sai da sassafe yake dubawa, kuma kullum ba ko ƙwaya.

Ya rame. Ba don ƙosan da Ɗelu mai sharar ɓangarensa ta soma kawo masa kyauta ba, da bai ga mai ƙaunarsa a makarantar ba. Ya ƙara ƙaimi, har ya bi wata ɗaliba zuwa garin Ɗan Issa a kan babur don ta manta takardarta.

Ranar ƙirga, darakta ya kife tukunyar a gaban jama'a. Ƙura ce kawai ta zubo. Ɗalibai suka hau rantsuwa sun jefa, Inusa kuwa ya fara tunanin warin taki.

Sai ga Ɗelu da kwano babba tana haki.

"Mushe, yi haƙuri, yau ƙosanka ya makara. Waken da yaran nan ke aje maka ne ya yi yawa jiya, sai da na kai shi inji."