Lalon Tsibiri

A shekarar farko ta annoba aka rufe jami'a, Nuriyya ta kwaso tukwanen bincikenta ta jera a barandar gidansu da ke unguwar Sentul, can ƙasar wajen da take karatu. Wani lalon daji ne, mai jan kara da gashi-gashi a ganye, wanda ta samo a wani tsibiri mai nisa a tekun Sabah. Digirinta na dakta gaba ɗaya a kansa ya rataya. An hana shiga tsibirin, ba ta kuma da sauran iri.

Sai cutar ta kama ta. Ta yi kusan wata biyu a asibiti, harshenta ba ya jin gishiri balle yaji. Mijinta Muttaka bai gaza ba. Kullum sai ya aiko da tuwo da miya mai yauƙi, duk da an killace kasuwar Chow Kit inda suke sayen kayan miya.

Da ta dawo ta tarar da tukwanen sun yi shar. Amma gashin ya ɓace, karan ya koma kore. Ta zauna ta yi tunani irin na masana: gashin nan garkuwa ce daga iskar gishiri, a birni kuwa shukar ta yar da shi. Idan haka ne, ta gano abin da zai ɗaga sunanta.

Ashafa, abokin karatunta ɗan Gusau, shi kaɗai ke da izinin shiga ɗakin gwaji. Ta ba shi ganye ya duba ƙwayar halittarsu. Sakamako ya fito: lalo ne na gida, irin wanda ake kasawa a kasuwar Rimi ta Kano.

Ta san Ashafa ma a kan tsirran tsibiran yake aiki. Ta san ya taɓa roƙonta iri ta hana shi. Lissafin bai yi mata wuya ba: ya ɓoye nata, ya gwada wani.

"Mutum mugun icce ne," in ji Muttaka, idonsa a kan waya. "Ki kai shi ƙara kawai."

Ta kai. Aka dakatar da Ashafa. Ya kira ta ya rantse da Allah, ta kashe wayar.

Ranar da aka sassauta dokar kulle, maƙwabciyarsu Ɗelu ta shigo barka, ta leƙa baranda ta taɓe baki.

"Wannan ai na Kano ne, cikin irin da Iyata ta aiko min. Ni na ba mijinki, Baban Haidar, ya mayar a tukwanen. Amma wallahi bai kama ƙafar na farkon ba, mai gashi-gashin nan da ya tuge muka riƙa kaɗa miki kina asibiti. Ke da kika shanye shi kaf, ai kin fi ni sani."