Tsingaron Daɓen Inna

Kwana uku bayan mahara sun kashe Baba sun tafi da Inna daji, na tarar da Kaka durƙushe a ɗakinmu. Jininsa ya bushe tsakanin tsingaron da aka jera a daɓen, ɗakin duk ƙarni.

Na ɗauko mata fartanya don a yi sauri.

Ta ce, "Mayar da ita, 'yar nan, fartanya fasawa take yi. Miƙo min basilla. Uwarki ce ta jera tsingaron nan, in ta dawo ta same shi yadda ta bar shi."

Haka ta yi ta ƙwaƙule tsohuwar ƙasar kaɗan-kaɗan har la'asar. Yau furfura ta cika kaina, ko ɗaya ban bari ya fashe ba. Inna dai ba ta dawo ba.