Motar da Ta Kasa Hawa Titi

Motar Delfin ta kasa fita daga gareji, ga ruwa yana shigowa.

Tsohuwar motar tsere ce. Ya kwashe shekaru yana gyaranta, ya rage mata tsayi har cikinta na shafar ƙasa. A shekarun nan aka ɗaga titin unguwarsu a birnin Malabon saboda ambaliya, gidansa ya koma rami. Ya taka totur, gabanta ya daki hawan ƙofa. Ya sake, ta sake dukansa.

Ruwa ya kai rabin taya. Ya ruga wajen maƙwabcinsa Berting.

"Don Allah ka turo 'ya'yanka mu ɗaga ta!"

"Haba maƙwabci, ba kai ka ce ko inuwarta kada mu taɓa ba? Za su ɗaga, amma in ta hau titi tawa ce."

Delfin ya waiga. Ruwa na neman inji.

"Na yarda. Gara ta rayu a hannunka."

Samarin suka cicciɓe ta suka dire a titi. Berting ya karɓi makulli da takardu, ya naɗe wando, ya janyo buhun yashin da tun farko ya toshe bakin kwalbati da shi. Nan take ruwan ya zurare.

Kuɗin motar ke nan, buhun yashi ɗaya.