Masuncin kusurwar kaye

Kawuna mai zane ne a jikin manyan motoci a tashar Gaya. Wata la'asar na kai masa kayen lakkol ɗina, wato littafin rubutuna na makaranta, ina ƙunci. Na zana masunci a kusurwar kowane shafi don ya yi motsi, amma in na kaɗa shafukan sai mutumin ya yi ta kumbura.

Ya karɓi bik, alƙalamina, da hannu mai warin fenti. Ya zana masunci ya ɗaga raga, ya tsallake shafuka, ya zana ragar a ruwa.

"Kawu, tsakiyar fa?"

"Fara sanin inda za ta sauka, ɗana. Tsakiya taka ce."

Na cike, raga ta tashi ta buɗe. Kawu ya rasu, kayen yana nan. In na kaɗa, har yau ba na gane inda hannunsa ya tsaya nawa ya fara.