Masu Fararen Kaya

"Ke ma kin gan su?" yayanta ya tambaye ta, yana leƙen titi ta gefen labule.

Tun da aka sallamo shi daga asibitin ƙwaƙwalwa, likita ya koya musu dabara: duk abin da ya gani ya tsorata, ya tambaye ta. In ta ce babu, ya san ciwon ne, ya sha magani ya kwanta. Da haka ya samu sauƙi, har ya koma ɗinkinsa a kasuwa.

Yanzu annoba ta rufe kasuwar, asibitinsa ya koma na masu tari. A titi kuwa ga mutane cikin fararen kaya, fuska a rufe, suna feshi ƙofa-ƙofa, sak waɗanda ya daɗe yana rantsuwa za su zo.

Ta so ta yi masa ƙarya, bakinta ya ƙi.

"Na gan su, Yaya."

Ya saki labulen, ya danƙa mata kwalbar maganinsa yana murmushi.

"Ashe lafiyata ƙalau, ƙanwata. Muryoyin nan ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Yi shiru in ji, sun fara magana."