Dogo a Wasan Ƙarshe

Ƙarfe huɗu saura hadari ya haɗo daga gabas, wuta kuma ta ɗauke. Zauren taron makarantar ya koma kamar cikin rumbu. Babayo mai hoto ya leƙa allurar auna haske da ke cikin kyamararsa, ya ga ta kwanta. Ya yi tsaki.

Gilashin da ya ɗaura wa kyamarar ranar dogo ne, mai jawo nesa kusa, bara ya saye shi a hannun wani alhajin Gamawa. A filin ƙwallo da rana tsaka ba shi da na biyu duk Azare. Amma mayen haske ne. Da zarar an shiga inuwa sai ya fara gardama.

Ranar Alhamis da ta wuce wata mata ta shigo shagonsa riƙe da ƙaramar jaka, da alamar doguwar tafiya a jikinta. Ta ce sunanta Abigel, daga Bogoro. An gaya mata shi kaɗai ke da abin ɗaukar mutum daga nesa. Wata ’yar cocinsu da ta zo kwas Azare ta ga wani a gasar ƙwallon tebur, shi take so a ɗauka mata ranar Asabar, a wasan ƙarshe.

“Daga nesa, Malam Babayo,” in ji ta. “Ba na so ya sani.”

Yau Asabar, a zauren, ta zauna a bencin baya, jikin ginshiƙi, ta ja mayafi har kan hanci. Da aka kira wasan ƙarshe ta yi nuni da haɓa.

“Ga shi can. Dogon.”

Babayo ya duba. Ɗanboyi, ɗalibin kwalejin malamai, yana tsaye gefen kujerar alƙalin wasa yana shan ruwa, ya fi abokin karawarsa tsawo da kai guda. Babayo ya gyaɗa kai bai yi tambaya ba. Shekara goma sha ɗaya yana wannan sana’a, ya sha ganin uwar da rabuwar aure ta raba da ɗanta.

Ya matsa gaba ya ciro filasha. Alƙalin wasan, Mista Cornelius mai kula da siton kayan wasanni, ya ɗaga hannu ko kallonsa bai yi ba.

“Mai hoto, ban da filasha. Koma baya.”

Haka yake tun da ya zo garin: ba ya yawan magana, ba ya son hayaniya, in an taru hoton karɓar kofi shi ne mai tafiya naɗe raga. Ya gyara zama, ya miƙe ƙafafunsa waje don ba su samun wuri ƙarƙashin ɗan teburin maki, ya ce a fara.

Babayo ya koma baya. Ya buɗe idon gilashin har ƙarshe, allura ba ta motsa ba. Ya rage saurin ƙiftawar kyamara, ta ɗan ɗago. Da ya jawo Ɗanboyi kusa sai hoton ya hau rawa a idonsa, kamar yana kallo daga bayan akori-kura. Dole ya sassauta, ya haɗa teburin gaba ɗaya, ya daidaita a kan raga. Ya jingina kafaɗa da ginshiƙi, ya kafa gwiwar hannu a bayan benci, yana riƙe numfashi kafin kowace dannawa.

Ruwa ya sauko a kan kwano. Duhu ya ƙaru. Ɗanboyi bai tsaya wuri ɗaya ba ko na ƙiftawar ido. Babayo ya yi ta jiran lokacin da zai cilla ƙwallo sama ya ɗan dakata, amma yaron ko wannan da gudu yake yi.

Matar kuwa ba ta tafa ba ko sau ɗaya. Da Ɗanboyi ya ci ashirin da ɗaya da sha takwas zauren ya kaure da ihu, Babayo ya waiwaya don ya yi mata murna, ya tarar da benci babu kowa.

Lahadi da safe ya wanke fim ɗin da kansa. Hoto talatin da shida, babu ɗaya da fuskar Ɗanboyi ta fito. A wani ya zama hayaƙi, a wani hannunsa uku, a wani ma takalmansa kaɗai suka halarta. Abin da ya fito fes shi ne duk abin da bai motsa ba: tebur, raga, bokitin ruwa, da alƙalin wasa a kujerarsa, har ana ganin tabon da ke girarsa.

Babayo ya daɗe yana kallonsu. Mace ta taso tun daga Bogoro saboda sunansa. Ya zaɓi biyar marasa muni sosai ya buga.

Litinin da hantsi ta zo. Ya baje su a kan kantar shagon, ya fara ba da haƙuri: hadari ne, wuta ce, an hana filasha. Ta ɗauki ɗaya ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe a can.

“Madam, in kin yarda,” in ji Babayo, “ni zan nemo Ɗanboyi da wata dabara, in zaunar da shi nan in ɗauke shi da kyau.”

“Wane ne Ɗanboyi?”



Ta dawo ta ajiye hoton a gabansa. “Wannan ya yi. Ka ƙara masa girma, biyu nake so. Ɗaya na dattawan coci, ɗaya na tsohuwarsa, don ta ce ba ta yarda sai ta gani da idonta.”

Ta ɗora yatsa a kan mutumin da ke zaune a kujerar alƙali.

“Mijina ne. Bana shekara bakwai ke nan da motarsu ta ƙone a hanyar Jos, muka yi masa jana’iza.”